Husainatu, Wadda Ta Fito da Benci Gindin Dogon Yaro

Ranar wata Litinin, saura 'yan kwanaki a kama azumi, a shekarar korona, aka ɗaure igiya a ƙofar asibitinmu. Shuɗiyar igiya ce, irin wadda ake ɗaure buhunan albasa a kan mota. Aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu, aka ba Atiku maigadi takunkumin fuska da wata na'ura ta auna zafin jiki, aka ce duk mai shiga a saita masa ita a goshi. Daga ranar yara suka daina zuwa.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba. Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun san shi, wanda bai san shi ba kuwa sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Sunan da nake son ambata shi ne na Malama Husainatu Mode, malamar jinya a ɗakin gaggawa na yara, wadda za ta ajiye aiki a ƙarshen watan nan. An ce za a yi mata walima, an kuma nemi in yi jawabi. Na ƙi. Na halarci irin waɗannan tarurruka da yawa lokacin da nake koyarwa, na san yadda ake cinye wunin wajen gaida manyan baƙi, a bar mai abin a gefe tana rungume da kwalin agogon bango. Gara in rubuta.

A Achida take zaune. Tun da na san ta, da an idar da sallar asuba take fitowa bakin titi, farar rigarta a ƙunshe cikin leda don kada warin albasa ya kama ta, ta matsu cikin motar 'yan kasuwa. In ta iso ta sauya kaya, sai ta bi gado-gado tana taɓa tafin ƙafar kowane yaro, tana jan fatar idonsa ta ga ko da sauran jini. Masu rubuta irin wannan takarda sukan ce wance uwa ce ga kowa, murmushi ba ya barin fuskarta. Ni ba zan ce haka ba, don ban cika ganin haƙoran Husainatu ba. Mafaɗaciya ce. Uwar da ta ɗura wa yaro mai shiɗewa jiƙo ta sha faɗanta, uban da ya tsaya cinikin magani alhali ɗansa na numfashi sama-sama shi ma ya sha. Amma jaririn da ruwa ya ƙare a jikinsa, wanda wasu za su huda su huda su haƙura, ita takan sami jijiyarsa.

Mu mutanen fadama ne, sauro ba ya ba mu hutun rani. Kafin igiya, yara bibbiyu ake kwantarwa a gado ɗaya a ɗakin nan, wani lokaci uwa ta shimfiɗa zani a ƙasa. Bayan igiya gadaje suka zama wayam. Na ji da kunnena wani babba da ya zo zagayen duba asibitoci yana cewa alhamdu lillahi, wanke hannu ya yi rana, ga shi yara sun daina ciwo. Ban yi masa gardama ba. Ni dai tsoho ne mai zuwa jana'iza, kuma a watannin nan na ga abin da ban saba gani da yawa haka ba: gawar da ba ta bukatar makara, mutum ɗaya ya rungumo ta a tabarma, a sallace ta a wuce. Wata da hantsi, wata bayan la'asar. Ba korona ke kashe yaran ba. Zazzabin da muka sani ne, da gudawa, da ƙyanda, cututtukan da ɗakin Husainatu ya saba korarsu da allura da ledar ruwa.

Abin da ya hana su zuwa magana ce da ta bi wayoyi. An ce duk wanda na'urar Atiku ta nuna da zafi, mota za ta kwashe shi zuwa Sakkwato a killace shi, in ya mutu kuma ba a ba da gawa, ba wanka ba salla. To wane yaro ake kaiwa ɗakin gaggawa jikinsa da sanyi? Sannan ga siffar na'urar kanta. Wanda ya ƙera ta a ƙasarsu bai san Rabah ba. Tana da mariƙi, tana da kunama irin ta bindiga, ana miƙe hannu a saita ta a goshi. Garuruwanmu kuwa cike suke da matan da suka gudo daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, kuma sun taɓa ganin an miƙe hannu haka.

Atiku ne ya ba ni labarin yadda abin ya fara, kuma ga shi yadda ya faɗa:

"Malam, wata mata ta daga Kagara, da ɗa ga baya. Ina ɗaga abin ga sai tak kwasa da gudu, takalminta guda nan tab bar shi. Ashe Malama na kallo ta taga. Sai ga ta. Tac ce, 'Atiku, daga yau kada ka sake nuna ma yaro bindigar ga.' Nic ce, 'Malama, umurni na.' Tac ce, 'Manya ka ci gaba da harbinsu. Yara nawa na.'"

A ranar ta sa aka fito da benci da ɗan tebur, aka ajiye a wajen igiya, gindin dogon yaron da ke bakin hanya. Ta tono tsohon ma'aunin zafi na gilashi, wanda ake sa wa yaro a hammata, tana tsoma shi a sifirit bayan kowane yaro. Nan take duba su, a fili, inda uwa ke ganin hanyar gudu in ta ga dama. Wanda allura za ta ishe shi a yi masa a tafi. Wanda sai an kwantar, sai ta zauna ta lallashi uwar, ita da ba ta iya lallashi ba. An kira ta ofis an ce ba a tsara haka ba. Ta saurara, ta ce to, ta koma kan bencinta.

Ta biya kuɗin abin da jikinta. Direbobin Achida da suka shekara suna ɗaukarta suka fara wuce ta a bakin titi kamar ba su gan ta ba. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidanta. Da ta ga haka sai ta ɗauko tabarma da buta ta tare a wani ɗan ɗakin ajiya na asibiti, ta bar nata 'ya'yan wurin tsohuwarta. Duk da haka waɗanda ke zuwa gindin bishiyar ba su taka kara sun karya ba. Tsoro ya riga ya shiga gidaje ya zauna.

Wannan labarin wasu ne. Ga nawa.

Matata Rahama ce sunanta. Tana da ciwon suga, tana kuma da baki, kuma na biyun ya fi na farkon ƙarfi. Ɗanmu Rilwanu fataucin albasa yake yi. Ya raka kaya Kudu, rufe hanyoyi ya rutsa da shi can, yana kwana a tasha tare da ire-irensa, ba aikin fari ba na baƙi sai sauraron saƙonnin murya. Matarsa Sa'adiya 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Rabah. An ƙone ƙauyen, an kashe ubanta, uwarta na raɓe a zauren wasu mutane a Goronyo. 'Yarsu ɗaya, Fiddausi, lokacin ba ta cika shekara huɗu ba. Tare muke zaune a gida ɗaya a Wurno.

Bayan salla, da ruwan farko ya sauka, zazzabi ya kama Fiddausi. Sa'adiya ta kira mijinta ta nemi izinin kai ta asibiti, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Wayar a buɗe take, ina zaune a tsakar gida, na ji shi da kunnena.

"Asibiti? Su ɗauke min ɗiya su kai Sakkwato, ko gawatta in rasa? Sa'adiya, saurara. In kit taka cikin asibitin can, a bakin aurenki. Saki uku."

Kafin in miƙe in karɓi wayar ya kashe. Muka yi ta kira, ba ta shiga. Daga baya muka ji cewa a tashar nan ana kwana biyu ba a sami inda za a sa caji ba.

Na karanta babin saki tun Rilwanu bai san damansa da hagunsa ba. Na juya maganar ta kowace fuska ina neman ƙofa, ban samu ba. Ya faɗa da hankalinsa, ya ambaci sharaɗi, ya ambaci adadi. Tsoro ne ya sa shi, na sani, amma tsoro ba ya goge kalma. Aka sayo magani a kemis. Zazzabin ya yi kamar zai sauka, ya dawo da ƙarfinsa. Ranar da abin ya ɓaci, bayan azahar, yarinyar tana kwance a cinyar kakarta sai idanunta suka juye, haƙora suka datse, jiki ya kama karkarwa.

Na ce, "Sa'adiya, ɗauko ta mu tahi. Ni nih haihe shi, laihin na wuyana."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Baba, in auren ya mutu, ina za ni? Gidanmu toka na."

Ina juyowa sai na ga Rahama ta riga ta saɓa yarinyar a baya tana ɗaure zani.

Ta ce, "Ku tsaya nan kuna karatu. Ni ba wanda yar rantse da aurena. Ko kai ma rantsewa za ka yi, Malam?"

Na ce, "Ke da ciwon suga? An ce irinku cutar ga ta fi kayarwa."

"An ce, an ce. An ce ɗin ga ya cika maƙabarta da ɗiyan mutane. Nemo muna mota."

Wani maƙwabci ya kai mu. Sa'adiya ta biyo mu ba tare da kowa ya ce ta zo ba, ta zauna a gefe tana riƙe da ƙafar 'yarta.

Husainatu na kan benci lokacin da muka isa. Ba gaisuwa. Ta karɓi yarinyar, ta kwantar da ita a gefenta ɗaya, ta ja fatar idon. Fari fat, kamar auduga.

"Tun yaushe?"

Rahama ta ce, "Shekaranjiya zazzabin yas soma."

"Shekaranjiya. Mi kuka jira, ta yi muku sallama?"

Tana faɗan, hannunta na aiki. Ta yi allurar da ta tsayar da karkarwar, ta sa wata a jijiya. Rahama ta gaya mata zancen rantsuwar a taƙaice. Na zaci za ta zagi ɗana, kuma da ta zage shi da na taya ta. Tsaki kawai ta yi.

Ta ce yarinyar sai an ƙara mata jini, kuma yau, ba gobe ba. Firjin jini kuwa ba komai ciki, don masu bayarwa sun daina zuwa tun ranar igiya. Na naɗe hannun riga na miƙa mata.

Ta dube ni ta saman takunkumi. "Baba Malam, jininka tare da kai yay yi ritaya. Inna ma, ga tsuhwa ga suga, ba ta iyawa. Sai uwar."

Sa'adiya ta dubi ƙofar asibitin, ta dubi 'yarta. Ɗakin ɗibar jini yana ciki, can bayan ɗakin magani. Na ga ƙafarta ta ɗaga ta koma. Ban taɓa ganin mutum a tsaye yana rabewa biyu ba sai ranar.

Husainatu ta ce, "Ke, dube ni. Mi yac ce? Hwaɗa min yadda yah hwaɗa, kada ki ƙara kada ki rage."

"Yac ce in nit taka cikin asibiti."

"To ba ki takawa." Ta juyo gare ni. "Baba Malam, kai ka karatu. Gindin iccen ga asibiti na?"

Na ce filin asibiti ya tsaya ga katanga. Nan hanyar kowa ce, awakin unguwa ma nan suke wuni.

"Ka shaida?"

"Na shaida."

Ta aika Atiku ya kira mai gwajin jini, wani saurayi mai tsoron laifi. Ya fito ya ji abin da ake so, ya ce, "Malama, ba a taɓa ɗibar jini bakin hanya ba."

Ta ce, "Korona ma ba a taɓa yi ba. Ɗauko kayanka. In anka tambaya, ni nis sa ka."

Aka gwada, jinin ya dace. Sa'adiya ta kwanta a kan benci, wasu mata biyu da suka kawo nasu yaran suka ware zannuwa suka kare ta daga idon masu wucewa, Atiku yana korar 'yan kallo. Ina tsaye ina jin motoci na wucewa, ina duban ƙirjin Fiddausi ko yana ɗagawa. Ledar ta cika a hankali, a hankalin da ya kusa kashe ni. Da ta cika, saurayin ya rungume ta ya tsallake igiya da sauri. Husainatu ta ɗauki yarinyar ta bi shi. Dole wani ya zauna da ita a ciki, kuma mutum ɗaya aka yarda ya shiga. Rahama ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin igiyar, ta juyo ta ce mini akwai tuwo a rufe cikin kwano, kada in bar kaji su buɗe. Daga nan ta shige.

Gindin bishiyar nan ya zama gidanmu ni da Sa'adiya. Da safe mu zo da kunu da abinci mu miƙa wa Atiku, mu zauna har magariba. Zazzabin ya taɓa ƙwaƙwalwa, yarinyar ba ta san inda take ba. Kullum bayan la'asar Husainatu takan fito ta tsaya a bakin igiya ta ba mu labari, mu da sauran masu jira. Ba ta taɓa cewa "da sauƙi" don ta sallame mu ba. Takan ce, "Jinin ya zauna, amma ba ta farka ba." Washegari ta ce, "Ta sake shiɗewa da hantsi, mun tsayar." Wata rana ta ce, "Yau ba abin da ya sake." Sa'adiya takan riƙe igiyar da hannu biyu tana saurare, yatsun ƙafarta daidai inda inuwar katanga ta tsaya. Ko sau ɗaya ba ta wuce ba.

Sai wata la'asar, bayan ta gama da zancen yarinyar, Husainatu ta ƙara da cewa, "Inna na tari. Jikinta da zahi. Mun maida ta ɗakin baya ita kaɗai."

Aka ɗauki abin gwaji daga hancinta aka aika. Har yau da nake rubutun nan ban ga sakamakon ba. Ban san sunan abin da ya kwantar da matata ba, ni da na ƙare rayuwata ina koya wa yara sunayen abubuwa. Daga ranar Husainatu ta zama mai ɗakuna biyu. Ta duba jika, ta sa rigar leda ta shiga wurin kaka, ta fito ta wanke jiki ta koma. Sauran ma'aikata, ban ga laifinsu ba, ba mai son ɗakin baya.

Ranar da nake son faɗa, da hantsi ta fito, ba lokacinta ba, kuma da sauri. Sa'adiya ta miƙe.

Husainatu ta ce, "Ta buɗe ido. Ta nemi ruwa, ta sha, ta kuma zagi mai yi mata allura."

Sa'adiya ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Matan da ke wurin suka kewaye ta. Husainatu ta yafito ni gefe.

"Inna kau jiki ya yi nauyi, Baba. Ba ni ɓoye ma. Numfashin na wahala."

Na ce, "Ta san yarinyar ta tashi?"

"Tun jiya ba ta magana. Abin da tat tambaya na ƙarshe shi na, ko ƙawatta ta farka."

Ƙawarta take kiran Fiddausi. Na ce, "Ba ni takunkumi da rigar ledar. Magana guda zan hwaɗa mata in hito."

"A'a."

"Husainatu, na girme ki. Matata ta."

"Na sani, Baba. Rigar guda ta rage, ita nika wankewa in maida. Kuma ko goma ta, ba ni barinka. Kai ma tsoho na. In ka shiga ka kwaso, wa ka riƙon yarinyar ga da uwatta? Ɗanka na Kudu."

"Kin sami hanya ga Sa'adiya. Nemo min tawa."

Na ga tana nema da gaske, ta dubi katanga, ta dubi ginin. Ɗakin baya taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi. Ta ce, "Babu. Amma ni zan shiga yanzu in hwaɗa mata da bakinka. Mi zan ce?"

Na gaya mata. Na kama igiyar zan ɗaga duk da haka, sai na ga Atiku ya matso ya tsaya a gabana, idonsa a ƙasa, mutumin da na koyar da ƙannensa. Na saki.

Rahama ta cika kafin la'asar. Da Husainatu ta fito ta gaya mini, tambaya ɗaya na yi mata: ta ji?

Na san abin da mutum mai tausayi zai ce. Zai ce ta ji, har ta yi murmushi, har ta motsa hannu. Ba wanda zai kama shi da ƙarya, kuma da na ɗauki maganar na yi ta jin ɗuminta har in mutu. Husainatu ta ce, "Ban sani ba, Baba. Na duƙa ga kunnenta na hwaɗa, na sake hwaɗa. Idonta na ruhe. Ban ga alama ba. Allah shi ka da sani."

Abin da ta yi bayan haka shi ne ya juya garin. Ta tsaya kai da fata sai an ba mu gawa. Ita da kanta, cikin rigar ledar nan, ta yi mata wanka yadda aka tsara, ta suturta ta. Aka fito da makara ta babbar ƙofa da rana tsaka, aka yi salla a filin da ke gaban asibiti, sahu da tazara, kowa na gani, aka kai ta maƙabartarmu. Bayan 'yan kwanaki Fiddausi ta fito da ƙafarta, tana tangaɗi, riƙe da yatsan Husainatu, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ta faɗa jikin uwarta. Wayoyin da suka yaɗa tsoro su suka yaɗa wannan: an shiga da yarinya a sume ta fito, an mutu a ciki an ba da gawa. Mata suka fara zuwa, daga Kagara, daga ƙauyukan Rabah, daga bakin madatsar ruwan Goronyo. Kafin damina ta yi nisa an koma yara bibbiyu a gado. Ban taɓa zaton zan ga ɗakin marasa lafiya ya cika in ce alhamdu lillahi ba. Jawabai da sanarwar rediyo ba su yi wannan aikin ba. Gawar matata ce ta zama hujja, kuma ban ce na ji daɗin farashin ba.

Rilwanu ya dawo da aka buɗe hanya. Ya yi kuka, aurensa yana nan, muna gaisawa, yakan ba ni labarin kasuwar albasa. Ya je yi wa Husainatu godiya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai na mai rantsuwa? Gaba in abin ya motsa, rantse da buhunanka."

Malama Husainatu, yanzu da ke nake. Na shekara ina jin haushinki. In na hango ki a kasuwa nakan sauya layi. Ke ce kika ce mini a'a a ranar da ban taɓa bukatar i kamar ta ba, kuma ke ce kika hana ni ƙaryar da za ta rarrashe ni. Haushin bai gama fita ba, ba zan yaudare ki ba tunda ke ba ki yaudare ni ba. Amma ke ce kika ga gadaje wayam kika ƙi yin hamdala. Ke ce kika gane cewa in yaro ya kasa zuwa wurin magani, sai magani ya fito bakin hanya. Ke ce kika ceci yarinya ba ki kashe auren uwarta ba, alhali masu ilmi irinmu muna tsaye muna juya littafi. Mai hannun samun jijiya, mai a'a da ba ta lanƙwasa. Fiddausi tana makarantar firamare yanzu, tana da bakin kakarta. Ni ke raka ta da safe, kuma da kin bar ni na ɗaga igiyar nan, wataƙila da ba ni ne mai rakiyar ba. Na sani. Sanin bai sa abin ya yi daɗi ba, amma na sani. Na gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutun da direbobin Achida za su riƙa tsayawa.

Ku kuma masu karatu, wata annobar za ta zo, don ba a taɓa yin ta ƙarshe ba. In ta zo, ku matasan da za ku gaji ɗakin nan, ranar da kuka ga ba yara, kada ku miƙe ƙafa, ku leƙa maƙabarta. Ku masu tsara doka daga ofis, kafin ku aiko da kaya ku tambayi mutanen wurin mi suka taɓa gani. Ku magidanta masu tafiya fatauci, ku bar izini a gida kafin ku hau mota, ku faɗa gaban shaidu cewa in yaro ya shiɗe a fita da shi ba sai an neme ku ba. Kuma kada mutum ya sake ɗora aurensa a kan ƙofar asibiti.

Saura magana ɗaya, ba ta Husainatu ba ce, ta dai ɗauke ta ne ta kai inda ban isa ba, kuma ba mu san ko ta sauka ba. Na faɗe ta a bakin kabari, amma wannan ba faɗa ba ne. Bari in rubuta ta a nan, yadda na so in faɗa da bakina.

Rahama, ƙawarki ta tashi. Ta sha ruwa. Ba a banza kika shiga ba.